Motar da Ta Daɗe a Ajiye Ta Ƙi Tashi: Amsoshin Wasiƙunku

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, motoci da yawa suka koma gindin darbejiya aka lulluɓe su da tamfol. Wasu kuma tafiya ce ko jinya ta raba su da masu su. Wasiƙun wannan makon galibi kukansu ɗaya: an murɗa makulli, mota ta ƙi.

Wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. Ta ce: "Maigidana ya rasu bayan jinyar wata uku. Tun da ya kwanta ba a taɓa motarsa ba, Corolla ce. Na fita takaba makon jiya, na ce ƙaninsa ya tayar da ita saboda kai yara makaranta. Da ya murɗa, fitilun gaban sitiyari suka kawo dishi-dishi, sai wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas. Wani maƙwabci ya ce inji ne ya buga. Wallahi na kasa barci."

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari. Hajiya, ki yi barcinki. Maƙwabcin nan da kyakkyawar niyya ya yi magana, amma bai san mota ba. Wata uku na jinya, ga wata huɗu da kwana goma na takaba, motar ta haura wata bakwai ke nan a tsaye. Ko an zare makulli, agogo da rediyo da na'urar tsaro suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana, ga zafin garinmu da ke sa batir ya zube da kansa. Wannan ƙas-ƙas ɗin kik ne yake son ya juya inji, wutar ba ta ishe shi ba.

Ki sa ƙanin nasa ya buɗe bonet ya duba kan batir. In ya ga farin gari ko kore-kore ya taru, a kwance, a wanke da ruwan zafi, a goge da samfefa, a ɗaure tamau. Sannan a kira mai wayarin ya zo da mitarsa. Cikakken batir yana nuna 12.6, in ya nuna 12.2 rabi ya rage, in ya faɗo ƙasa da 11 ya yi mugun sauka. A cire shi a kai caji a hankali ya kwana, a dawo a gwada. Zai yiwu ya farfaɗo, zai yiwu kuma ya ƙi riƙe wuta, don batirin da ya daɗe a sauke yakan lalace daga ciki. Ko da hakan ta faru, asararki batir ce kawai. Kafin a tayar, a zaro sandar gwajin baƙin mai a ga yana nan daidai, a leƙa ruwan lagireto. Abu guda zan ƙara, ba na kanikanci ba: in ba a raba gado ba tukuna, ki sanar da sauran magada kafin a kashe mata kuɗi mai nauyi, ki kuma adana rasit. Na sha ganin batir ɗaya ya haddasa gaba tsakanin dangi.

Na biyu wani matashi ne daga Kano. Motarsa ta yi wata goma sha huɗu a tsaye da ɗan mai a tanki. Ya ce inji yana juyawa sosai amma ba ya kamawa. Ya sayi sabon batir, ya canza kik, ya canza fulogi huɗu, yanzu bakanike ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, yana tambaya ko ya sayi ta Beljiyam.

Ƙanena, da bakinka ka ce inji yana juyawa sosai. To me batir da kik suka yi maka ka sallame su? Aikinsu ke nan, su juya inji, kuma suna yi. Kai da bakaniken naka caca kuke yi da aljihunka, shi kuwa ba ya asara ko an ci ko an faɗi. Injin da ke juyawa bai kama ba, abu uku ake nema masa: mai, tartsatsi, iska. A motar da ta shekara, mai ake fara tuhuma. Fetur ba ya ajiyuwa. Daga wata uku zuwa shida ya fara canzawa, mai sauƙin kamawar ya tashi ya bar mai danƙo. Buɗe murfin tanki ka shinshina: in ka ji warin tsohon fenti, ya lalace. Tankin da ke kusan wayam kuma yana tara raɓa, raɓa ta kawo tsatsa, tsatsar ta toshe ragar famfon mai da nozul.

Ga gwajin da ba a biyan ko sisi. Kashe rediyo, sa wani ya kasa kunne wajen kujerar baya, ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kawowa ba tare da ka taɓa kik ba. Ya kamata a ji famfo ya yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu. In shiru, a duba fis ɗinsa da wayarsa tukuna, don fis kuɗin ƙosai ne. In yana ƙara, a zuƙe tsohon man nan kaf a zuba sabo daga gidan mai, ba na jarkar 'yan bumburutu ba. Sannan ka kalli gaban sitiyari: in hoton makulli ko na kwaɗo yana ƙyafta ido ba ya ɗaukewa, motar ce ba ta gane makullinka ba, gwada ɗayan. Kada kuma ka manta da 'yan haya. Ɓera ba shi da gidan da ya fi bonet ɗin motar da ba ta motsi: ya tara tsumma a akwatin matatar iska, ya ci wayoyi. Zanzaro kuma ya yi gininsa na laka a bakin salansa. Waya ɗaya siririya da ɓera ya datse ta isa ta hana tartsatsi, kuma ita ce ake yawan yi wa laƙabi da "ƙwaƙwalwa ta ƙone". Kada ka sayi komai sai an sa kwamfutar gwaji an nuna maka abin da ta karanto. Ka kuma daina danne kik kamar kana bin sa bashi. Daƙiƙa goma, ka saki, ka ba shi minti ɗaya ya huce.

Wani malamin makaranta daga Gusau ya ce an tabbatar masa batirinsa ya mutu. Ya samu wani a rabin kuɗin da ake sayarwa, "sabo fil a ledarsa", mai shagon ya haɗa waya biyu ya nuna masa tartsatsi. Yana tambaya ya saya?

Malam, kada ka saya. Kuma ka yi mini haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina a kan wannan harka. Kun san nawa batir mai lamba 75 (lambar da ke nuna yawan wutar da yake riƙewa) yake a yau, kun san dala ba ta tausaya wa kowa ba. Ta ina ɗan kasuwa zai samo shi a rabin kuɗi? Araha ba ta ado. Abin da ake yi ba ɓoyayye ba ne: a tattaro matattun batura, a zubar da tsohon ruwa a ɗura sabon asid, a ba shi caji mai ƙarfi, a wanke kwandon da omo, a goge kawunan su yi ƙyalli, a manna sabuwar takarda, a naɗe a leda. Wani kuma sabon ne da gaske, sai dai an rage masa dalma a ciki, an rubuta 75 a jikin abin da bai kai 60 ba. Ni kaina an taɓa yi mini, shekarun baya, a wani shago da ba sai na faɗi sunansa ba. Mako uku ya yi, ya mutu mini da asuba ina shirin kai mara lafiya asibiti. Da na koma, mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba, ni kuma ba rasit.

Tartsatsin da aka nuna maka wasan yara ne. Batir mai numfashi ɗaya ma yana tartsatsi, kuma yin haka a kansa ganganci ne, don iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta. Ko mitar da ta nuna 12.6 ba ta gama shaida ba, matacce da aka sauke daga caji yanzu zai nuna haka. Shaidar gaskiya ita ce a ɗora masa kaya: a sa shi a mota, mita na jikinsa, a murɗa kik. In lambar ta faɗo ƙasa da 9.6, ajiye musu kayansu. Ɗaga shi ka ji nauyi, don dalma ce batir. Mai lamba 75 na ƙwarai yana kai kilo 17 ko fiye, in ka ɗauke shi da hannu ɗaya kana murmushi, akwai magana. Dubi kawunan: in akwai sawun matsewa, an taɓa ɗaura shi a wata motar. Nemi ranar ƙira da ake bugawa a jikin kwandon ko murfinsa, wanda ya haura wata shida a kanta ya fara tsufa ko ba a taɓa shi ba. Kuma kada ka bar shagon sai da rasit mai hatimi, da lambar batirin, da watannin garanti a rubuce. "Kai ma ka san ni" ba garanti ba ne. A Ƙofar Ruwa da Panteka da sauran kasuwanninmu akwai masu amana da yawa, kuma za ka gane su da cewa ba sa ɓata rai in ka ce a gwada.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓarnar ba ta tsayawa a kuɗin batir. Raunannen batir yana sa kik ya riƙa ja da ƙyar har ya ƙone, yana sa altaneta, na'urar da ke cajin batir, aiki ba hutu. Sai a zo ana aron batir: a ɗaura na maƙwabci a tayar, a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. Wannan ɗabi'a ta zamanin Fijo 504 ce, lokacin da mota ba ta da kwamfuta. A motar yau, cire kan batir inji na tafiya yana iya harba wuta ta ƙona ƙwaƙwalwar da gaske. Haka masu cire kai ɗaya wai don su gwada caji. Mita ce ke wannan aikin: inji na aiki, ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In jona waya za a yi daga wata mota, ja zuwa alamar tarawa a duka biyun, baƙa daga alamar ɗebewa ta mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin mara lafiya. A juya su sau ɗaya, an sayi aiki. Malam, in albashi bai kai ba, gara motar ta ƙara wata guda a tsaye ka cika kuɗin.

Wani daga Maraɗi yana tambaya ko zai iya tara samarin unguwa su tura masa motarsa mai giya otomatik. A'a. Ko ku tura ta har Katsina ba za ta tashi ba. Amma tunda ka ce fitilu suna kawowa tar, kik kuwa shiru ɗif, mayar da giya kan N ka taka birki ka gwada. In ta tashi, ɗan makunnin da ke gane giya tana kan P ne ya cije.

Sai mai cewa tasa ta shekara biyu, jiya ta tashi bugu ɗaya, jibi zai kwashi iyali daga Kano zuwa Maiduguri biki. Alhaji, tashi daban, tafiya daban. Wannan hanya ta kusa kilomita 600. Canza baƙin mai da matatarsa, a duba man birki, a duba bel da robobin ruwa ko sun tsattsage. Tayoyin da suka shekara biyu a wuri ɗaya cikin rana ba abin yarda ba ne ko da zanensu bai goge ba. Duba lambobi huɗu na gefensu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Takardunka ma sun ƙare. Yi mako guda kana zagaya gari da ita, iyali su bi motar haya wannan karon.

Ta ƙarshe ɗaliba ce da za ta tafi karatu Masar na shekara guda, tana tambayar yadda za ta bar motarta. 'Yata, ke kaɗai kika yi tambaya kafin ɓarna, Allah Ya yi miki albarka. In akwai amintacce a gida, ya riƙa fita da ita duk mako biyu, tafiyar rabin awa. Tayarwa a tsaye na minti biyar ba ya mayar da wutar da kik ya ci. In babu, a cire kan batir na alamar ɗebewa, a ƙara wa tayoyi iska, a bar ta a inuwa nesa da rumbun hatsi da bola. Kada a ja hambirki, yakan manne da damina, a sa dutse a tare tayoyin. Makullin kuwa ki damƙa wa mahaifiyarki, kada ki bar shi inda ƙannenki maza za su gani.