Gumi da karkarwa ga mai ciwon suga

'Yar'uwa, kin ce Baba na shan glibenclamide, ƙwayar ciwon suga, da hantsi sai gumi ya karyo masa, hannu na karkarwa, magana na sarƙewa. Wannan ya fi kama da faɗuwar suga, musamman in ya sha magani bai karya ba.

Ki auna sugansa nan take. In bai kai 70 mg/dL ba, ki dama sukari babban cokali ɗaya a ruwa ya sha, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Na sha ganin an ƙara wa mutum ƙwaya, wai sugan ne ya hau. Kul! In ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, sai asibiti.

Ko ya warware, likita ya sake duba maganin, don wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki.