Maigidana yana shan maganin tsutsar dabbobi saboda korona, yanzu yana so ya ba ɗanmu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana kiwon raguna. Tun lokacin korona aka turo masa wani bidiyo daga Amurka ana cewa ivermectin na maganinta. Har yau, duk sanda mura da zazzaɓi suka kama shi, sai ya zuƙo Ivomec ɗin ragunansa, wato ivermectin na dabbobi, da sirinji ya ɗiga a ruwa ya sha. Makon jiya ya wuni jiri na ɗibarsa, ga amai, yana gani dishi-dishi, wai alama ce maganin na aiki. Yanzu yana so ya ba ɗanmu mai tari. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki yarda a ba yaron nan ko ɗigo ɗaya. Jiri da amai da ganin dishi-dishi alamu ne na maganin ya yi yawa a jiki, har ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Idan suka dawo, ko kika ga rikicewa, karkarwa, jijjiga ko barcin da ya ƙi farkawa, a kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar.

Shi ivermectin magani ne mai daraja, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne Mectizan ɗin da ake rabawa kyauta a ƙauyuka tun 1987 saboda cutar makanta ta bakin kogi, ana kuma amfani da shi kan tundurmi da ƙazuwa. William Campbell da Satoshi Omura sun samu kyautar Nobel ta 2015 a kansa.

Amma abin da nake fama da shi kusan kullum shi ne tunanin cewa ƙwayar cuta duk ɗaya ce, abin da ya kashe tsutsa ko kaska zai kashe kowace. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren yana kwantar da mutane. Tsutsa halitta ce mai jijiyoyi da tsoka. Ivermectin yana shanye mata jijiyoyin ne, ta kasa motsi, ta kasa ci, ta mutu. Bairos kuwa, irin ƙwayar cutar da ke kawo korona da mura, ba shi da jijiya, ba shi da tsoka, cikin ƙwayoyin jikin mutum yake shiga ya hayayyafa. To me maganin zai shanye? Wanda yake da jijiyoyi a nan shi ne maigidanki. A ƙa'idar da likita ke bayarwa, jiki yana hana maganin shiga ƙwaƙwalwa. Idan aka zarce, shingen nan sai ya gaza.

Labarin cewa ivermectin na maganin korona ya faro ne a watan Afrilu na 2020, da masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka ga maganin ya rage bairos ɗin korona a cikin kwanon gwaji. Yawan da suka zuba ya ninka abin da ke kaiwa jinin mutum sau da dama. Wani rahoto daga Masar da aka fi kafa hujja da shi, an janye shi a Yulin 2021 saboda matsalolin da aka gano a alƙalumansa. Kafin nan magana ta riga ta bazu. A Amurka mutane suka riƙa wawure man tsutsar dawaki daga shagunan kayan kiwo, kiraye-kirayen waya zuwa cibiyoyin kula da shan guba ta dalilinsa suka ninka na kafin korona sau biyar a Yulin 2021, har hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fito a watan Agusta tana tuna wa jama'a cewa su ba dawaki ba ne, ba shanu ba ne. Daga baya aka wallafa sakamakon manyan gwaje-gwaje a kan mutane, a Brazil da marasa lafiya sama da 1,300, sannan a Maleshiya, Amurka da Birtaniya. Bai hana kwanciya a asibiti ba, bai hana mutuwa ba. Masu turo bidiyon ba su taɓa turo wannan ɓangaren ba, kuma abin yana ƙona mini rai.

Ki duba lissafin da kanki. Namiji mai kilo 60 yana buƙatar kamar miligiram 12, wato ƙwaya huɗu ta mutane, a sha sau ɗaya. A rabon ƙauye ma sau ɗaya ko biyu ne a shekara. Ruwan allurar dabbobi kuwa kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 10, ƙaramin cokalin shayi ya kai 50 ke nan. A maimaita gobe da jibi, ga shi magani ne mai zama a kitsen jiki. Ruwan an haɗa shi ne don a soka ƙarƙashin fatar dabba, wasu kwalaben kuma akwai ƙarin maganin tsutsar hanta a ciki da ba a yi shi don mutum ba. Mai sayarwa a kara, kwalba a rana tun safe, ba zai faɗa maka wannan ba. Shi dai cewa zai yi na dabbobi ya fi ƙarfi. Ga wanda ya zauna a dazuzzukan Kamaru ko yankunan da ake da tsutsar ido ta loa, haɗarin ya ƙaru, domin ko ƙwayar mutane tana iya jefa shi doguwar suma idan tsutsar ta yi yawa a jini.

Akwai kuma lokacin da ake ɓatawa. Yawancin mura tana tafiya da kanta cikin mako ɗaya, shi ya sa yake ganin kamar maganin ne ya warkar da shi. Amma zazzaɓi a ƙasarmu yana iya zama maleriya, taifot, nimoniya, ko ma Lassa a lokacin rani, kuma babu ɗaya da Ivomec ke taɓawa.

Ki kai yaron asibiti a duba ƙirjinsa, a yi masa gwajin maleriya, musamman in numfashinsa na sauri ko ya ƙi cin abinci. Shi kuma maigida, kada ki tunkare shi da faɗa. Ki samu wanda yake jin maganarsa, yayansa ko likitan dabbobin da ke duba masa ragunan, ya zaunar da shi. Kafin nan ki ɗauke kwalbar da sirinjin daga ɗaki, a kulle su inda hannun yara ba ya kaiwa. Allah Ya ba su lafiya.