Amsa daga Zangon Kumasi

Malam, ka tambaye ni ko mu Hausawan Ghana muna kwana da fargaba irin wadda 'yan Najeriya ke ciki a Afirka ta Kudu. A'a. Amma kada ka ɗauka ba mu san ƙyamar baƙo ba. Mun san ta, sai dai tamu ba da adda da fetur take zuwa ba, da takarda take zuwa.

Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su, ta hanyar Gwanja, suka yi zamansu a Salaga har rikicin 1892 ya tarwatsa garin, sannan suka bazu zuwa Kumasi da bakin teku. Tun lokacin muka ɗauki wata ɗabi'a da har yau ba mu saki ba: ƙasa ta masu ƙasa ce. Muna da Sarkin Zango, yana yi mana sulhu, yana tsaya mana, amma ya san a ƙarƙashin Sarkin Asante yake, kuma in ana biki ko makoki a fadar Manhyia za ka gan shi da tawagarsa. Wasu daga gida in sun zo suna ganin wannan ƙasƙanci ne. Ni a wurina shi ya riƙe mu. Ka dubi Sudan. A 2022, a jihar Blue Nile, batun ba Hausawa masarauta tasu ya haɗu da rikicin filaye, aka kashe ɗaruruwan mutane, alhali zuriyar waɗanda suka yi hijira can daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 sun fi shekara ɗari a ƙasar. Ban ce laifinsu ne ba, Allah ya sani an zalunce su. Cewa nake a can jayayyar ta gona ce da sarauta.

Tamu jarrabawar ta zo ne a watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Firaministan Ghana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau motocin kaya. Yarabawa 'yan kasuwa sun fi kowa jin jiki, amma har da namu da Zabarmawa da Mosawa. Maƙwabta ba su ƙona gidan kowa ba; doka ce ta yi aikin. Shi ya sa har gobe dattijon zango ke adana takardar haihuwa kamar zinariya, kuma in baƙo ya sauka, mai masaukinsa bayan ya ba shi ruwa sai ya tambaye shi me ya riƙo na shaida. Kada ka ga rashin kara ne. Har yanzu saurayi mai suna Musa ko Garba kan je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo a tsare shi da tambayar ainihin garinsu, alhali Babban Limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda kowane shugaba ke zuwa gaishewa, daga cikinmu yake.

Afirka ta Kudu kuwa a titi abin yake. A watan Mayu na 2008 aka fara daga unguwar Alexandra da ke Johannesburg, mutum 62 suka mutu, aka sake a 2015 da 2019. Talaka marar aiki ne ke far wa talaka mai shago, kuma sabon zuwa ne ake hari.

Akwai abin da in ban faɗa maka ba na ci amanarka. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Jakar nan mai ratsi-ratsi da kuke zuba kaya a ciki daga wannan korar ta samo sunanta na "Ghana Must Go". A nan ba a manta ba, kuma in ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana ta tashi rufe shagunan 'yan Najeriya da hujjar dokar da ta keɓe ƙananan saye da sayarwa ga 'yan ƙasa, korar 1983 ɗin ce ake fara jefo mana, mu da muke tsaye a tsakiya muna ba kowane ɓangare haƙuri.