Rarar inci ɗaya da kake ganin ɓarna ce

Ka tambaye ni me ya sa nake sa ka bar rara a cikin kaftani, alhali mai kaya ba ya ganinta. To saurara, yaro.

Jikin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan ka bar inci ɗaya a kowane gefe da inci biyu a kalmasar ƙasa, ranar da tumbi ya fito sai a farke a buɗa, riga ta ci gaba da aiki. Na yara ma ka ƙara, don ƙane ya gada. Ku 'yan yanzu kuna datse yadi dab da zare saboda riga ta ɗame jiki a yi hoto, kafin Sallah ta zagayo ta zama tsumma. Awo da saita keke kuwa ba zan tsaya kansu ba, wanda bai iya su ba bai kai ya riƙe almakashi ba.

Abin da ya fi rara muhimmanci shi ne yadin kansa. Kafin ka yanka, zaro zare daga bakinsa ka kyasta masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri. Wannan gwajin shi ke ceton sunanka, domin ga yadda ake cutar tela: an sayar wa mutum shadda mai haɗin roba a kuɗin ta auduga, ka ɗinka, ta koɗe, ya kai marina a Ƙofar Mata don a sabunta ta. Baban rini ba ya kama roba, sai riga ta fito fari-fari, ba ta rinu ba. Ba zai koma wa ɗan kasuwa ba, kai zai zo wa da ita yana cewa ka musanya masa yadi. Haka zaren ɗinki: farar rigar da za a rina nan gaba, da zaren auduga ake ɗinka ta, in ba haka ba kowane layi zai fito fari fat a kan shuɗi.

Da can ba ma wannan fargabar. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles) a Kakuri, Kaduna, tun 1957 take saƙa audugarmu, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL, ita ma a Kaduna, ta bi bayanta a 2007. Daga nan Kantin Kwari ya cika da kayan Sin, masu kyau da na banza a jere, ƙyallinsu ɗaya. Har yau abin yana ƙona min rai.

Yadin auduga marar sitaci, jiƙa shi ya bushe kafin ka yanka, don yana tsukewa a wankin farko. Shadda kam kada ka jiƙa, ƙyallinta zai tafi. Ƙyallayen da suka rage ka naɗe ka ba mai kaya, ranar da aljihu ya yage da su za a yi faci.