Amsa ga Hajiya kan yaron da ke koyon haɗa katunan Pokémon

Assalamu alaikum, Hajiya. Na ga tambayarki game da ɗanki mai shekara 8 da kawunsa ya kawo wa katunan Pokémon, yana so ya haɗa ƙunshinsa da kansa, amma kullum yayansa ke cinye shi har ya kai ga kuka, kina tambaya ko ki sa a haɗa masa kowa ya huta. Shawarata ita ce kada a haɗa masa. Na daɗe ina wannan wasa da 'ya'yana da na ƙanena a gidanmu na Tudun Wada bayan sun taso daga Islamiyya, kuma na lura cewa yaron da aka miƙa wa ƙunshi a haɗe yakan ci wasa na ɗan lokaci ba tare da ya san dalili ba, ranar da aka cinye shi kuwa bai san abin da zai gyara ba.

Dokokin ba su da yawa. Ƙunshi kati 60 ne cif, ba a sa fiye da 4 masu suna ɗaya in ban da katunan Energy na asali, wato katunan ƙarfin da ake ɗora wa Pokémon don ya kai hari, kuma dole a samu aƙalla Pokémon ɗaya mai alamar Basic, wato katin halittar wasan da ake iya saukewa fili kai tsaye. Kowa yana farawa da kati 7 a hannu, ya kife 6 a gefe a matsayin lada, wanda ya riga kwashe ladansa shi ya ci.

Ba sai na ga ƙunshin ɗanki ba, na san ya cika shi da manyan katuna masu ƙyalli, kowanne guda ɗaya. Na sha ganin ƙaramin ɗana riƙe da wani babban Pokémon mai suna Charizard tun farkon wasa, yana jujjuya shi yana leƙen ƙunshinsa, har aka tashi bai sauke shi ba, domin Charizard ba ya shiga fili kai tsaye, sai an fara da Charmander, a ɗora Charmeleon, sannan shi. A nan lissafi yake shigowa, kuma shi ne abin da na fi so yara su ɗauka daga wasan. Idan kati guda ɗaya ne cikin 60, damar ya fito a hannun farko ba ta kai kashi 12 cikin 100 ba, amma idan an sa 4 tana kusan kashi 40. Saboda haka a bar ɗanki ya zaɓi gwaninsa guda ɗaya, duk wanda ransa yake so, sannan a nuna masa cewa sauran katunan aikinsu shi ne su kawo wannan gwani fili da wuri. Ya tsaya kan nau'in Energy ɗaya, ko biyu in ya matsa, tunda guda ɗaya ake ɗorawa daga hannu a kowane zagaye. Katunan Trainer kuma, waɗanda yara ke rainawa don ba su da ado, su ne ke sa a ja sabbin katuna a nemo wanda ake buƙata. Ga mai koyo nakan ce ya fara da 20 na kowane kashi, wato Pokémon, Energy da Trainer, daga baya ya rage Energy ya ƙara Trainer.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne mu baza katunan a kan tabarma kashi-kashi, yaron ya ƙirga da bakinsa, ya cakuɗa, ya ja 7, ya faɗa ko zai iya fara wasa da su, ya mayar ya sake ja. Bayan an cinye shi, a bari ya huce tukuna, sannan a tambaye shi wane kati ne ya zauna masa a hannu bai yi aiki ba. Shi zai cire shi da hannunsa, kuma kada ya canza fiye da biyu ko uku a lokaci ɗaya, don ya gane ko gyaran ya yi. Yayan ma a roƙe shi ya riƙa wasa da katunansa a buɗe wani lokaci, yana bayanin dalilin kowane kati da ya sauke. Rubutun katunan da Turanci yake, don haka a sa ƙaramin ya karanta da ƙarfi kafin ya yi amfani da kowanne.

Akwai abin da nake tsanantawa a gidana. Ba a wasa a kan wanda ya ci ya ɗauke katin ɗan'uwansa, domin wannan caca ce, kuma musaya ba ta halatta sai a gaban babba, saboda manyan yara kan yi wa ƙanana wayo. Ba na kuma yawan saya musu ƙananan fakitin da ba a san abin da ke ciki ba, gara ƙunshin masu koyo wanda aka haɗa tun daga kamfani, ya zama tubalin da zai riƙa gyarawa. Idan za ki saya a kasuwa ko ta intanet ki duba da kyau, domin jabu sun yi yawa, akan gane su da laushin takarda da kuskuren rubutu. Ki nemo masa 'yan ledojin saka kati da ƙaramin akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu da laimar damina. Allah ya raya mana su.