Dokar Nijar ta Nasara ce ko ta Musulunci?

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya daga ina dokar da ake yi mana shari'a da ita a Nijar ta samo asali, ta Faransa ce ko ta Musulunci. Na yi shekaru ina aikin magatakarda a kotu nan Tawa, kuma abin da zan ce maka shi ne, ya danganta da abin da ya kai ka gaban alƙali.

In sata ce ko duka ko kisa, babu ruwan al'ada. An yi dokar hukunta laifuka ran 15 ga Yuli 1961, ba mu ko cika shekara da samun 'yanci ba, kuma a kan ta Faransa aka ɗora ta. Shi ya sa ba ka taɓa jin an yanke hannun ɓarawo a ƙasar nan ba. Rubutacciyar dokar bashi da haya da kwangila kuwa, jikar kundin Napoleon ce na 1804. Ta kasuwanci ma ba tamu ba ce mu kaɗai, ta OHADA ce, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da wasu ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a 1993, babbar kotunta tana Abijan.

Amma in aure ne, ko saki, ko gado, ko gonar da ba ta da takardar mallaka, to nan labari ya sake. Doka da kanta ta ce a yi wa mutane hukunci da al'adarsu. Wannan rabon tun zamanin Nasara yake: su da kotunsu da dokarsu, mu kuma da kotun 'yan ƙasa, kumandan na zaune sarakai da malamai na gefensa. Da aka samu 'yanci sai dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗe kotunan wuri guda, amma ta bar wa al'ada gurbinta. Ta 2004 da ta 2018 duk a kan haka suka tafi.

To ina Musulunci? Ta ƙofar al'ada ya shigo. Alƙalinmu dokar Nasara ya karanta, wani ma ba ɗan yankin ba ne, don haka ake zaunar masa da dattawa biyu masu ba shi shawara, waɗanda muke ce wa asesar. Galibinsu malamai ne. Da an ce rabon gado, abin da suka karanta a Risala shi za su kawo: namiji kashi biyu, mace ɗaya, matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya. Ni kuma in rubuta cewa an yi hukunci bisa al'adar Hausawa Musulmi. Mazhabar Malikiyya ce tsantsa, sai dai an sa mata rigar al'ada.

Wani lokaci ma al'adar da Musuluncin kan yi karo. Ba na manta wata baiwar Allah daga wani ƙauyen Adar da ta kawo ƙarar yayyenta maza. Sun ce tun kaka da kakanni mace ba ta gadon gona, sai dai a ba ta damin hatsi da kaka. Da malamin asesar ya fara lissafa mata kasonta, babban wan ya miƙe yana cewa ai su al'ada suka zo a yi musu. Malam ya ce masa, to kai ba Musulmi ba ne? Shiru kake ji. Ta samu gonarta, ko da yake na ji daga baya sun daɗe ba sa ga-maciji.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka kira al'ada kotu za ta karɓa. Sharaɗin shi ne kada ta saɓa wa 'yancin mutum ko yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. A jiharmu aka ga misali. Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, shari'arta ta faro daga Ƙonni, wanda ya saye ta yana cewa matarsa ce a al'ada, alhali tun 2003 doka ta mai da bauta laifi. Sai da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta zauna a Yamai a Oktoban 2008 ta ce bauta ce, ta sa gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa.

Kundin dokar iyali kam an sha gwadawa, malamai suka ƙi, har yau babu. Tsarin mulkin 2010 kuma sojoji sun jingine shi a Yulin 2023, amma wannan rabon aiki tsakanin doka da al'ada yana nan yadda yake.

In rigimar gona ce ta sa ka yi tambayar, kada ka fara da kotu. Mai gari da sarki ke da ikon sulhu, dokar karkara ta 1993 ta ce a fara bi ta wurinsu. An shirya ko ba a shirya ba, ka tabbata an rubuta takarda an sa hannu, ka adana ta, don ita alƙali zai fara tambayar ka.