Amsa ga ɗan'uwan da ke son taya gida a Rijiyar Zaki

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: dillali ya kai ka wani gida a Rijiyar Zaki, an yi masa kuɗi miliyan 28, kai kuma abin da ka tara bai wuce 23 ba, kana so ka san nawa za ka taya ba tare da an ce ka raina dukiyar mutane ba. Sau biyu na sayi gida a nan Kano, na kuma zauna a cinikin ƙanina, to bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Ka fara cire wa ranka cewa miliyan 23 ɗin nan duka kuɗin gida ne. Akwai la'adar dillali, wadda a duk cinikin da na halarta kashi 5 cikin 100 ake cewa, sai dai in an roƙi ragi. Ga na shaidu, ga na mai unguwa, ga lauya, ga canjin suna a takarda. In ka ware waɗannan, ƙarfinka na gaskiya wajen miliyan 21 ne, kuma wannan adadin kada ko dillalinka ya ji shi. La'adarsa tana ƙaruwa ne da tsadar gidan.

Abin da ya fi ƙona mini rai a gidana na farko shi ne ban taɓa zama da mai gidan ba sai ranar biyan kuɗi. Dillalai uku ne a tsakani, wannan ya karɓo daga wancan. Bayan wata biyu muka haɗu da dattijon a wajen ɗaurin aure, hira ta yi hira, sai na gane abin da ya shiga hannunsa bai kai abin da na fitar ba, an ɗora a hanya. Tun daga ranar na yi wa kaina doka: ba na taya gida sai gaban mai shi. Dillalin kirki ba ya jin tsoron haɗa ku, tunda la'adarsa tana nan.

A karo na biyu da gangan na jira damina. Cikin Agusta, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, na ɗauki magini muka koma gidan ba tare da na sanar da kowa ba. Ruwa ya kwanta a tsakar gida har idon sawu, gindin bangon ɗakin baya gishiri ya cinye shi, magini ya sa farce sai filasta ta zubo kamar gari. Ya leƙa silin ya nuna mini inda kwano ke yoyo, ya ɗaga murfin sokawe ya ce wannan ta kusa cika. A nan tsaye ya rubuta mini lissafi a bayan kwalin magani: buhun siminti kaza, bandir ɗin kwano kaza, yashi, kuɗin aiki. Ka tuna a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10, saboda haka gyara yanzu ba ƙaramin abu ba ne.

Da muka zauna a soro na yi tayi, mai gidan ya ce albarka tun kafin in rufe baki. Ban kushe gidansa ba, don babu mai son a zagi inda ya haifi 'ya'yansa. Cewa na yi, "Baba, gidan nan ina son sa, amma ga abin da zai ci kafin in sa iyali a ciki." Na miƙa masa kwalin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce bangon nan ya san da shi. Kusan duk kuɗin gyaran ya sauke mini, muka yi musabaha ya ce ya sallama.

Za ka ji an ce wani Alhaji ya taya sama da naka, gobe zai kawo kuɗi. Amsarka ɗaya ce: Allah ya sanya alheri, a ba shi. In da gaske ne, Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. In kuma ƙirƙirar Alhajin aka yi don a ɗaga maka farashi, wannan shi ne najashu, shi ma hadisi ya hana, kuma za ka ga an kira ka kafin mako ya zagayo.

Takarda ma farashi ce. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma gida mai satifiket, wato takardar mallaka ta gwamnati, sai da amincewarsa ake mayar da shi sunanka. Ka sa lauya ya bincika a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ko lambar satifiket ɗin ta dace da sunan mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin harajin fili. In takardar ciniki ta mai unguwa kaɗai gare shi, bai kamata a yi masa kuɗin mai satifiket ba, ka faɗi haka a fili. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari, ko a nuna maka takardar rabon gado ta kotu. Ka duba bashin wuta ma.

To nawa za ka taya? Ni da ni ne, da miliyan 19 zan fara, da lissafin magini a hannuna, in riƙa ƙarawa da dubu ɗari biyar-biyar, in tsaya cak a 21. Gaskiya tazarar tana da yawa, zai iya yiwuwa ba a sallama ba, kada ka ci bashi don ka cike ta. Amma in ka lura lalura ce ta sa mutumin sayarwa, rashin lafiya ko bashi, don Allah kada ka matse shi ƙasa da abin da ka san gidan ya kai.

In an sallama, a rubuta a take gaban shaidu: farashi, kafin alƙalamin da ka bayar, ranar cika kuɗi, ranar ba da makulli, da abin da za a yi in wani ya fasa. Kuɗin kuma ta banki, kai tsaye cikin asusun mai gidan. Allah ya sa gidan zama ne.